Daga Kano Zuwa Maraɗi Da Bashin Mahaifina

Motarmu ta tashi daga tashar Ƙofar Ruwa bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Da gangan na yi sammako, domin duk wanda na yi shawara da shi abu ɗaya ya gaya mini: ka tabbata ka wuce Jibiya da rana tsaka, kada la'asar ta same ka tsakanin Katsina da bakin iyaka.

Ba yawon buɗe ido ne ya fitar da ni ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana harkar atamfa a Kantin Kwari, kuma a zamanin da kayan Kwatano ke biyowa ta Maraɗi su shigo Kano, yana da abokan ciniki a can. Da aka zauna rabon gado sai aka ga ya rubuta da hannunsa a littafinsa cewa wani Alhaji na Maraɗi yana bin sa kuɗi, da sefa, kuma ba a soke rubutun ba. Malamin da ke rabon ya ce ba za a taɓa ko tsinke ba sai an sauke wannan nauyi. Babu lambar waya. Abin da ke rubuce kawai sunan mutumin da na mahaifinsa, sai sunan unguwa, Bagalam. 'Yan'uwa suka ɗora mini tafiyar, na je Wapa na canji kuɗin. A nan na ji jiki, domin sefa 1,000 ta haura naira 2,000, alhali lokacin da aka ci bashin naira ce ke da ƙarfi. Amma da sefa aka ranta, da sefa za a biya.

Da fargaba na fita. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, har aka yi ta maganar tura sojojin ECOWAS. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, an buɗe iyaka a watan Maris, amma cacar bakin da ake yi a Facebook ba ta lafa ba, daga baya ma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Na yi ta tunanin da wane ido za a kalli ɗan Najeriya da ya shigo gari yana tambayar gidan mutane.

Daga Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya, barci na yi yawancinta. Wahalar tana cikin ɗan guntun da ke tsakanin Katsina da Jibiya, wanda bai kai kilomita 50 ba. Shinge a kan shinge. Kafin direba ya sa giya ta uku sai ya sake taka burki, ya zuge gilashi, ya miƙa hannu. Wasu su leƙa su ce a wuce, wasu su ce a buɗe but. Babu fasinjan da ya ɗaga murya, domin kowa ya san yankin ya sha fama da 'yan bindiga, kuma ganin mai kaki a hanya ya fi rashin ganinsa. Amma tafiyar da ba ta kai ta awa ɗaya ba sai da ta ci mana ninkin haka.

A Magama na sauka na shiga wata tsohuwar Golf mai zuwa Maraɗi, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kuɗin mota jikka biyu, wato sefa 2,000. Can lissafin kuɗi da dala ake yi: dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka dala ashirin ita ce sefa 100, dala ɗari kuma sefa 500. Kusa da ni wata dattijuwa ce, ta dawo daga Katsina inda ta je zaman jegon 'yarta. Ba mu yi nisa ba ta ɗan taɓa ni da gwiwar hannu, ta yi ƙasa da murya.

"Yaro, wannan rungumar jaka da ka yi, ko makaho ya san da kuɗi ciki. Aje ta ƙasa tsakanin ƙafafunka kamar ta tsummoki."

Na ajiye. Ta tambaye ni daga ina, gidan wa za ni. Na ba ta labarin a taƙaice. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah Ya jiƙan mahaifina, Ya sa mu ma a samu masu sauke mana.

A Ɗan Isa, shingen iyaka na ɓangaren Nijar, kowa ya sauka da takardunsa. Ba a tambaye ni biza ba, fasfo da katin rigakafi na miƙa. Jami'in ya fara da Faransanci, da ya ga ban gane ba ya juya Hausa, ya tambayi abin da ya kawo ni da inda zan sauka. Ta biyun ce ba ni da amsarta, domin ban san kowa ba a garin. Ina tsaye ina laluben abin faɗa sai na ji muryar dattijuwar nan, Hajiya, a bayana: "Baƙona ne, gidana za shi sauka." Ta faɗi unguwarsu. Ya dube ta, ya dube ni, ya buga hatimi ya miƙo mini fasfona. Da muka koma mota na fara yi mata godiya sai ta katse ni. Ta ce tunda ta faɗa a gaban hukuma, dole in taka gidanta in sha ruwa, kada ta tashi gobe kiyama a sahun maƙaryata. Da gaske take yi, fuskarta babu wasa.

Abin da ya ɗauki idona daga Ɗan Isa zuwa gari shi ne itatuwa a cikin gonaki. An gama girbi, kara a zube, amma ko'ina ka duba gawo ne tsaye da ɗanyen ganye, tunda shi da rani yake tohuwa, ga aduwa da kalgo a tsakani. Wani manomi da ke gaban mota ya ce ba shuka su aka yi ba. Kututturen da ke tohowa a gona ne ba a ƙone shi, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran, a bar su su girma. Sassaben zamani suke ce masa, kuma a wannan jiha ta Maraɗi aka fara shi a shekarun 1980, bayan fari ya cinye daji. Na tuna gonakin wasu ƙauyukanmu da aka share tas, iska na kwashe ƙasar, raina bai yi daɗi ba. Wajen Jiratawa kuma lambuna ne na noman rani, zogale kore shar har iyakar gani.

Maraɗi gari ne mai yashi da tituna miƙaƙƙu, layi-layi, ba irin lungunan cikin birnin Kano ba. Gidan Hajiya ba gidan masu hali ba ne, ɗaki uku da rumfa. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwan randa, sai ga ƙwarya cike da fura da nono, hurar hatsi mai yaji da kanumfari, damu mai kauri. Bayanta dambun zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Tun ɗan shayin da na kurɓa a tasha ban sa komai a cikina ba, na ci sosai. Ina gama sallar azahar ta aika aka kira ɗan maƙwabcinta, saurayi mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa. A gabana ta ce masa, "Ga baƙona nan. Kada ka rabu da shi sai ya samu gidan da yake biɗa. In wani abu ya same shi, ni da kai ne."

Layin wayata ya mutu tun bayan Ɗan Isa. Yaron ya miƙo mini tasa na kira gida na ce na sauka lafiya, ya ƙi karɓar kuɗin kati.

Bagalam tana cikin tsofaffin unguwannin da ke kewayen fadar Sarki. Muka fara da mai unguwa, muka same shi a ƙofar gida da dattawa. Yaron ya cire takalmi ya durƙusa, ni ma na yi haka. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina sanyi, ina mutanen Kano. Da na faɗi sunan, sai dattawan suka shiga muhawara tsakaninsu, domin mutum biyu ne masu wannan suna a unguwar, ɗaya mai fataucin goro, ɗaya mai atamfa. Wani ya ce mai atamfar ya rasu, iyalinsa sun tashi. Wani ya ce akwai tsohon tela a bakin babbar kasuwa da ya yi masa ɗinki shekara da shekaru, shi zai san inda suka koma. Mai unguwa bai bar mu mun tafi haka ba, sai da ya haɗa mu da jikansa ya nuna mana rumfar telan. Muka tarar ya tashi. Maƙwabcinsa mai sayar da zare ya bar shagonsa a buɗe ya raka mu har gidansa, can ma aka ce ya tafi jana'iza Tibiri, kimanin kilomita 12 daga gari, sai dare. Duk inda muka tsaya sai an kawo ruwa, sai an ce a zauna. Babu wanda ya tambaye ni nawa ne kuɗin.

Magariba ta yi mana a hanya. Na ce wa yaron ya kai ni masauki, na ji ana samun ɗaki mai fanka a jikka goma. Ya tsayar da babur ya juyo.

"Yaya, in na kai ka otal mi zan ce ma Hajiya? Mi zan ce ma babana? Ɗakina yana nan, ni sai in kwana wurin abokina."

Na yi ta kawo uzuri, bai saurare ni ba. A Kano ma muna saukar baƙo, kada a ce na zagi gida, amma yanzu sai an san ka ko an san wanda ya aiko ka, saboda tsoron da zamani ya jefa mana. Wannan yaro bai san ni ba da safe, ya kuma san da kuɗi a jakata, ga shi yana share mini ɗakinsa, yana canza zanen gado.

Mahaifinsa tsoho ne mai farin gemu, manomi, ya yi awon gyaɗa a ƙuruciyarsa lokacin da ita ce arzikin garin. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, muka ci a kwano ɗaya, yana tura mini naman gabana. Shi ya ba ni dalilin miƙewar titunan: asalin garin a ƙasa yake, cikin fadamar Gulbi, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, Turawan Faransa suka mayar da mutane bisa tudu suka yanka musu filaye da igiya. Ya ce shi kansa Gulbin daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Sai ya gangaro kan sarauta. Da masu jihadi suka karɓi Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har gobe sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Yana faɗa yana lissafa danginsa da ke Jibiya da Ɓatsari da cikin birnin Katsina.

Ni na taɓo maganar 2023, domin ita ke cina tun daga gida. Ya ajiye cokalin shayinsa. Ya ce sun sha wuya, ba zai rufe mini ba. Gari ya yi duhu, injin niƙa ya tsaya, magani ya yi tsada, shinkafa ta gagari talaka, masu rufin asiri da yawa asirinsu ya tonu. Ya ce akwai daren da suka kwana ba su san ko da safe za su ji jirage ba. Na sunkuyar da kai, ban san abin da zan ce ba.

"Ɗana, ɗaga kanka. Kai ka yanke wutar? Mutanen Jibiya da Illela ba su ji yunwa ba da aka rufe? Mun ji malamanku da sarakunanku da suka tashi suka ce ba a yi yaƙi ba. Mun ji, ba mu manta ba."

Ya ƙara da cewa tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako gudun 'yan bindiga, kuma kafin a kafa musu matsugunai irin na Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, a cikin gidajen talakawan ƙauye suka sauka, aka raba rumbu da su. Ya ce wanda ya ba ka ɗakinsa lokacin gudu ba zai kore ka don rigimar manya ba. Wannan magana ta zauna mini, domin a gida ba kasafai muke tuna cewa akwai 'yan ƙasarmu da ke cin abincin mutanen Nijar ba.

Bayan isha'i yaron ya ja ni fadarsu, abin da mu muke ce wa majalisa. Benci biyu, gawayi a ɗan murhun waya, ƙaramar buta, kofunan gilashi. Shayin sau uku ake zubawa, na farko mai ɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla, kuma baƙo ake fara miƙa wa. Cikinsu akwai ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da makaniki, da mai sayar da mai a kwalba. Lokacin ana shirin kokowar ƙasa ta takobi, hira duk ta koma can, kowa na yabon gwaninsa, ana tuna Kantu, zakaran Maraɗi da aka sa wa filin kokowar garin sunansa. Suka tambaye ni jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kusan kilomita 284, ko da gaske zai iso. Na gaya musu abin da idona ya gani na aikin a gefen Katsina. Suka yi mini tambayoyi masu zafi kan gwamnatinmu, na amsa abin da zan iya, su ma suka faɗi nasu ƙorafin. An ɗaga murya, amma ba wanda ya ci mutuncina, kuma da na tashi mutum uku suka raka ni har ƙofa.

Da safe telan ya kwatanta mana gidan, a unguwar Ali Ɗan Tsoho. Babban ɗan marigayin ya fito, mutum kamar sa'ana. Da na faɗi sunan mahaifina sai ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce yana yaro shi ke kai masa ruwan alwala in ya sauka a zaurensu. Bai san ya rasu ba. Muka zauna muka yi wa iyayenmu addu'a, kowannenmu yana share ido.

Na fito da littafin na nuna masa. Ya shiga gida ya ɗauko na mahaifinsa, tsohon littafi mai bangon fata da rubutun ajami, muka bi shafi-shafi har muka samu. Adadin ya zo daidai, ba ragi ba ƙari. Na ɗauka zai karɓa a gama, ko kuma ya ce ya yafe. Abin da ya yi ya fi duka biyun burge ni. Ya ce rabonsa ya yafe har ga Allah, amma kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai mahaifiyarsu da ƙannensa mata, akwai kuma marayun ƙaninsa da ya rasu, ba shi da ikon yafe haƙƙin kowa. Ya aika aka kira limamin unguwa da maƙwabta biyu. Aka ƙirga kuɗin a gabansu, liman ya fitar da rabon kowa, aka kira matan da ke aure a waya ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yafe, wasu suka karɓa, kuma ban ga laifin wadda ta karɓa ba, haƙƙinta ne, ga zamani ya yi tsanani. Na marayu aka ware aka damƙa wa kakarsu. Abin da aka yafe aka mayar mini, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu. Ɗan ya ɗauki alƙalami ya soke layin a littafin mahaifinsa, ya miƙo mini na soke a namu.

Tsohuwar ta sa aka shigar da ni ciki. Ta ce mahaifina ba ya zuwa hannu rabbana, kullum da turaren wuta da alewar yara. Ta tambayi mahaifiyata, ta ba ni turmin atamfa in kai mata, ta ce in gaya mata 'yar'uwarta ta Maraɗi tana yi mata gaisuwa, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba. Cinikin gidan ya ja baya, ɗan ya gaya mini, tunda iyakar Nijar da Benin ta daɗe a rufe, kayan da ke zuwa daga teku sai sun zagayo ta Togo da Burkina Faso. Duk da haka rago ya so yankawa, da ƙyar na roƙe shi ya bari aka tsaya a kan zabi.

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa. Bayan masallaci ya zaga da ni: buhunan aya jibge, wadda da yawanta Najeriya take tafiya, da wake da riɗi, da jajayen awakin Maraɗi da ake ji da fatarsu wurin dukawa. Na sayi kilishi da cuku na tsaraba, shi kuma ya ƙara mini da tiyar aya ya hana ni biya. Na koma na yi sallama da Hajiya, na ajiye mata ɗan abin goro, ta ce in ɗauke ko ranta ya ɓaci, sai da na ce na jikokinta ne ta bari.

Rigima ta ƙarshe da ɗan kabu-kabu na yi ta. A lokacin, cikin gari ɗauka ɗaya dala arba'in ce zuwa sittin, shi kuwa ya bar aikinsa ya yi ta yawo da ni, ya ƙona mai, ya bar mini gadonsa. Na ba shi jikka goma, ya ce kuɗin mai kawai zai karɓa, jikka biyu. Muka yi ta ja a tasha har direba ya fara danna ham. Ƙarshe na cusa masa sauran a aljihun riga na shige mota, ya biyo yana buga gilashi, direba ya ja.

Dawowa ba ta da labari, shingayen nan dai suna nan yadda na bar su. Muna wuce Magama layina ya dawo, kafin mu kai Katsina kiran ɗan kabu-kabun ya shigo. Ya ce ya kai wa babansa kuɗin, baban ya yi faɗa, ya ce a sayi buhun hatsi da su a raba sadaka da sunan mahaifina. Ya ce kuma bayan ƙaramar salla zai shigo Kano sayen kayan gyaran babur, bai san gari ba. Na kwatanta masa inda zai sauka a Ƙofar Ruwa, na ce ya kira ni tun yana Bichi in fito in tare shi.